Labarin Ƙasa Ya Fara Daga Bakin Gona

Ɗalibin da ya tashi a Minjibir ko Gezawa yakan sadu da darasin labarin ƙasa cikin harshen da ba nasa ba, da misalan da ba na garinsu ba. Yakan haddace sunayen duwatsun Turai da kogunan Amurka, alhali gonar mahaifinsa tana cikin yankin da masana fannin suka daɗe suna nazarta. Ra'ayin wannan maƙala shi ne a gina darussan farko a kan karkarar Kano, da kalmomin da manomanta suke amfani da su.

A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa nazarinsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya game da ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoson gidaje da gonaki. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda ake noma gona kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Takin dabbobi, da haɗa gero da dawa da wake, da barin gawo da ɗorawa a tsakiyar gona, su suka riƙe ta. Dangantakar mutum da muhallinsa ke nan, wadda ita ce ginshiƙin fannin.

Sauran ginshiƙan ma suna nan a bakin Bahaushe. Idan manomi ya bambance jigawa da fadama, bayani yake kan tudu da kwari, da rairayi da laka, da inda ruwa ke kwanciya. Idan ya ce karkara, saura, daji, ya jera amfanin ƙasa gwargwadon nisanta da gari. Kusan abin da Bajamushe von Thünen ya tsara ke nan a 1826, kuma jakunan da suka riƙa fitar da taki daga birnin Kano a mangala, suna komowa da itace, sun nuna shi a aikace. Burtali kuwa darasi ne kan zirga-zirga da rabon ƙasa tsakanin manomi da makiyayi.

Hanyoyin bincike ba sa buƙatar kayan tsada. Malami ya fita da ɗalibai su taka daga jigawa zuwa fadama, su lura da sauyin launin ƙasa, su auna gona da taku, su tambayi mai ita dalilin shuka gamba a iyaka, sannan su zana taswira. Wanda ya mayar da taku ɗari ya zama tsawon yatsa a takarda ya fahimci ma'aunin taswira fiye da wanda ya haddace ma'anarsa.

Za a iya cewa waɗannan kalmomi suna sauyawa daga Kano zuwa Katsina da Sakkwato, kuma da Ingilishi ake rubuta jarrabawa. Gaskiya ne. Sai dai daidaita kalmomi aikin masana Hausa ne, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe da buɗe wannan hanya. Yaron da ya gane abu da harshen gida, koyon sunansa na Ingilishi ba zai ba shi wuya ba.

Akwai dalilin gaggawa. A Ungogo da Dawakin Tofa gonaki suna komawa fuloti, kuma idan gona ta tafi, sunayen ƙasarta sukan bi ta. Wajibi ne sassan Hausa da na labarin ƙasa su haɗa hannu su tattara kalmomin daga bakin dattawan manoma, su tace su, su samar da littafin masu fara koyo tun ana iya nuna wa yaro abin da kalmar take nufi.