Tunisiya: Daren da Aka Rufe Majalisa, Jama'a Suka Yi Guɗa

Sharhinmu na yau ya leƙa Tunisiya, inda guguwar sauyi ta ƙasashen Larabawa ta faro.

A watan Disamba na 2010 Muhammad Bouazizi, mai tallar kayan marmari a garin Sidi Bouzid, ya cinna wa kansa wuta bayan jami'ai sun ƙwace masa kaya. Zanga-zanga ta ɓarke, kuma kafin wata guda ya cika, Shugaba Ben Ali, wanda ya shekara 23 a kan mulki, ya tsere Saudiyya. Masar ta koma hannun soja, Libiya da Siriya da Yaman suka faɗa yaƙi, Tunisiya kuwa ta rubuta sabon tsarin mulki a 2014, har ƙungiyoyin da suka sasanta 'yan siyasarta suka ci kyautar Nobel a 2015.

To amma matasan da suka fito kan titi aiki suka nema, da 'yanci, da mutunci. 'Yancin ya samu, aikin shiru. Cikin shekara 10 an yi firaminista tara. Kuɗin ƙasar ya yi ta faɗuwa, masu digiri na zaman kashe wando, 'yan majalisa kuma na ta cacar baki, har da mari, a gaban kyamara.

Shi ya sa ranar 25 ga Yulin 2021, lokacin da korona ta cika asibitoci, Shugaba Kais Saied ya kori firaminista ya dakatar da majalisa, mutane suka fito cikin dare suna guɗa. Shugaban majalisar, Rashid Ghannouchi, ya zo ya tarar da sojoji sun tare ƙofa, suka hana shi shiga. A 2023 aka kama shi.

Mulkin mutum ɗaya da Saied ya kafa bai kawo sauƙin ba. An sha layin sukari da madara, kuma a zaɓen majalisa na Disambar 2022 kashi 11 cikin 100 kacal suka fita.

Abin lura, masu sauraro, tsarin mulki ba ya kare kansa, talakawa ne ke kare shi, kuma sai sun ga amfaninsa a kasuwa da asibiti. 'Yan siyasar Tunisiya sun shekara 10 suna rabon kujeru, suka manta da wannan. Duk wanda zai sake neman amanar jama'ar ƙasar, sai ya fara da bayanin yadda matashin Sidi Bouzid zai samu abin yi.