Ganga Da Bes: Kowa Ya San Wurinsa

Ran Asabar ɗin da ta wuce na halarci wani biki a unguwar Tirwun cikin Bauchi. Ɗan ƙanwata, wanda ya kwashe wata uku yana tara kuɗin situdiyo, ya miƙa wa DJ sabuwar waƙarsa domin a sa wa amarya. Da aka kunna ta cikin manyan lasifikoki sai wani irin gurnani ya cika fili, kamar tirela tana ɗumama inji. Ba a jin bugun ganga, ba a jin inda za a sa ƙafa. Mata suka tsaya cirko-cirko, DJ kuwa bai bari ta kai rabi ba ya sauya wata. Yaron ya zo ya ce mini, "Kawu, wallahi a situdiyo ba haka take ba." Na kuwa yarda da shi.

To, jama'a, laifin ba na lasifika ba ne. Abin da ya faru shi ne, abubuwa biyu sun yi karo a wuri guda: babbar gangar da masu haɗa kiɗa ke kira kik, da kuma kakkaurar muryar nan ta ƙasa da ake kira bes.

Kowane sauti girgizar iska ne, ana kuwa auna shi da yawan kaɗawarsa cikin sakan ɗaya, watau ma'aunin Hertz. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 har zuwa wajen 20,000. Fili ne mai faɗi, amma ganga da bes duk a lungu ɗaya suke zaune. Nauyin gangar yakan faɗo tsakanin 50 da 100, alhali kuwa tsirkiyar ƙasa ta jitar bes tana farawa daga wajen 41. In aka buga 50 da 55 tare, sai su riƙa ƙarfafa juna suna kashe juna sau biyar a kowane sakan. In kuwa ɗaya yana tura iska gaba a daidai lokacin da ɗayan ke janye ta, sai su cinye juna, a rasa duka biyun. Mai haɗa kiɗan da bai gane ba sai ya ƙara wa kowanne ƙarfi, ya ƙara dagula ruwan.

Me ya sa ba a ji ɓarnar a situdiyo ba? Na je na ga ɗakin. Shago ne da bai wuce mita uku ba, alhali igiyar sauti mai kaɗawa 50 tsawonta ya kusa mita bakwai. A irin wannan ɗaki sautin yakan daki bango ya dawo, ya taru a kusurwa, ya ɓace a wani wurin. Soson katifar da suke mannawa a bango ba ya taɓa sauti mai kauri ko kaɗan, siririn sauti kurum yake sha. Ga shi kuma tun 1933 Fletcher da Munson na Amurka suka nuna cewa kunne ba ya jin sautin ƙasa sosai in an rage murya. Saboda haka yaron da ke aiki da tsakar dare, yana tsoron tashin maƙwabta, zai yi ta ƙara bes bai san ya yi yawa ba.

Maganin ba sabo ba ne, makaɗan gargajiya sun riga kwamfuta saninsa. Duk wanda ya saurari faifan marigayi Alhaji Mamman Shata zai ji kalangu da kuntuku kowanne da muryarsa, ba mai hawa kan wani. Haka ake so a yi a na'ura. Da farko a yanke shawara wa zai riƙe can ƙasa. In bes ne, sai a zaɓi ganga gajeriya mai tsini, a rage mata ƙasan. In ganga ce, sai a ɗan rage wa bes ƙarfi a daidai inda nauyin gangar yake. Raguwa kaɗan ta isa, ba sai an yi yankan rago ba. Sa'an nan a daidaita muryar gangar da muryar waƙar, kamar yadda mai kalangu ke matsa tsirkiya.

Akwai kuma dabarar da muke ji kullum a rediyo: mai gabatarwa na buɗe baki sai kiɗa ya dusashe, yana rufewa ya dawo. Haka ake sa bes ya rusuna na ɗan ƙiftawar ido duk sa'ad da ganga ta buga. Manhajar FL Studio da yawancin yaranmu ke aiki da ita tana da wannan, sai dai ba su damu da koyo ba. Sun fi son sauke sabbin sautuka.

Abin ya ƙara tsanani ne saboda yayi. Na'urar TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980 tana da ganga mai dogon amo wadda ita kanta bes ce. Kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu, wanda ya mamaye Nijeriya bayan 2020, shi ma da tasa gangar mai kauri. Sai yaro ya ɗora waɗannan biyu, ya ƙara bes na fiyano a kai, duk a waƙa ɗaya.

Ni dai na ce wa ɗan ƙanwata ya koma a gyara masa, kuma kada ya biya cikon kuɗin sai an saurari waƙar a wayar hannu, da cikin Keke Napep, da lasifikar masu biki. Mai situdiyon ya ce a dawo ran Laraba, in an kawo wuta.