Kada furojet ɗinka ya mutu tare da wayarka

Yau ra'ayina zan faɗa a kan wani abu da ya daɗe yana damuna a shago.

Kwanakin baya wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta kawo min wayarta, ta faɗa ruwa, bodin ya ƙone. Furojet ɗinta babi 1 zuwa 4 yana ciki, da rikodin hirar da ta yi da wasu tsofaffi uku a garinsu. Na ce, "Hajiya, ba ki ajiye kwafi a wani wuri ba?" Ta ce wallahi a'a. Daga baya ta samo babi uku a WhatsApp ɗin malamin da ke duba aikin. Rikodin kuwa ya tafi, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin Allah ya yi masa rasuwa. Muryar nan ba ta dawowa.

Mutane suna ɗauka mai gyara zai iya ciro komai. Wayoyin yanzu, musamman daga Android 10 zuwa sama, suna kulle bayanansu da mabuɗin da ke haɗe da furosesan wayar. Ko na ɓanɓare memorin cikin na ɗora a wani bodi, ba abin da zai karantu. Sai dai in ainihin bodin ne ya tashi, in kuma bai tashi ba, sai haƙuri.

Fulash da memori ma ba wurin ajiyar shekaru ba ne. In suka daɗe a ajiye ba a jona su ba, bayanan na iya lalacewa. Ga jabu sun cika kasuwa, za ka ga an rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai 8GB ba. Google yana ba da 15GB kyauta, amma tun Disamba 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba.

To ina makarantunmu? Yawanci ɗalibi ya ɗinke kwafi uku ko huɗu, a jibge a sito, gara da damina su yi aikinsu. Wasu wuraren har yau faifan CD suke karɓa, bayan yawancin laftof na yanzu ba su da wurin saka shi. A ganina duk makarantar da ta karɓi furojet, amana ta karɓa. Ya kamata ta karɓi kwafin kwamfuta, ta zuba a rumbun da ɗakin karatu ke kula da shi, ba a laftof ɗin wani ma'aikaci ɗaya ba, wanda in ya canza aiki ya tafi da komai.

Kuma abin ba gagara ya yi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da rumbu a intanet mai suna Kubanni, inda ake samun kundayen digiri na biyu da na uku. Manhajar DSpace da ake gina irin wannan rumbu da ita kyauta ce. Akwai kuma Zenodo, wanda cibiyar bincike ta CERN da ke Turai ta buɗe a 2013, kowa na iya ɗora aikinsa kyauta, a ba shi lambar DOI ta dindindin.

Na san abin da wasu za su ce: in aka ɗora, za a kwafe. Ai dama ana kwafar wanda ke sito, kuma ba mai ganewa. Wanda ke intanet da sunanka da kwanan wata, shi ne shaidarka ranar da wani ya sace. In akwai sirrin mutane a ciki, ana iya rufe fayil ɗin sai mai izini.

Kafin makarantu su farka, ga abin da kai za ka iya yi daga yau:

1. Kwafi 3, a na'ura iri 2, 1 a can nesa. Misali waya, fulash, da Google Drive.
2. In ka kammala, mayar da shi PDF, ka ajiye tare da na Word ɗin. In ka samu PDF/A ya fi, don ajiya mai tsawo aka yi shi.
3. Sa suna mai ma'ana: sunanka, sashe, shekara. Ka daina "final final 2".
4. Hoto ko bidiyo a WhatsApp, tura shi ta Document, don kada a matse shi ya rage kyau.
5. Duk shekara ka buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki. Fulash ɗin da ya tsufa, kwashe kayan zuwa sabo.
6. Ka je ɗakin karatun makarantarku ka tambaya ko suna karɓar kwafin kwamfuta. In ba sa karɓa, ku haɗu da 'yan ajinku ku rubuta wa shugaban sashe.

Sikirin in ya fashe, akwai wani a shago. Aikin shekara huɗu ba a sayar da shi a kasuwa. Ka tura wa ɗalibin da ka sani yana rubuta furojet yanzu, ya yi kwafin nan kafin ya kwanta yau. Allah ya ba kowa sa'a.