Kamu, Mudu Da Sandar Mita

Ina so in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta a kan yadda muke koyar da awo.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji biyar a wata makarantar firamare. Yaran nan sun haddace jadawalin awo sarai: milimita 10 santimita ɗaya, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kilomita ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai. Sai na nuna ƙofar ajin, na ce wa zai kintata mini tsawonta. Wani yaro mai ƙoƙari ya miƙe ya ce, "Malam, kilomita biyu." Ba wanda ya yi dariya, gama ba wanda ya ga kuskure. To, laifin wa ke nan? Ni dai ban ga laifin yaron ba. Mu ne muka koya masa sunan mita, ba mu taɓa sa ta a hannunsa ba.

Alhali kuwa yaron nan ya san awo tun daga gida. Ya san kamu, ya san taƙi, uwarsa ta sha aikensa kasuwa awon dawa da mudu. A ganina daga nan ya kamata mu fara. A kira yara uku, dogo da gajere da matsakaici, kowa ya auna teburin malam da kamunsa. Amsa uku za a samu, gardama ta kaure. A bar su su yi ta, kada a raba su da wuri. In sun gaji, sa'an nan malam ya fito da sandar mita, su ga da idonsu abin da ya sa ake bukatar ma'auni ɗaya.

Irin wannan gardama ce ta haifi mita. A Faransa dā kusan kowane gari da nasa ma'auni, har a 1795 aka kafa dokar awon mita. Sun ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta, ta layin da ya ratsa Faris, suka raba shi miliyan goma. Tun 1983 kuwa da gudun haske ake ƙayyade ta. Daɗinta shi ne kome goma-goma yake tafiya. Iyayenmu sun sha wuyar inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya, kafin Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Galan na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka bai kai lita huɗu ba, ga shi kuwa suna ɗaya. A 1999 Amurka ta yi hasarar kumbon da ta aika duniyar Mars, don wata ƙungiyar injiniyoyi ta yi lissafi da laba, ɗayar kuwa ta ɗauka awon mita ne. In manyan masana sun yi tuntuɓe a nan, ina ga yaron da muke ba maki in ya rubuta "25" tsirara, bai ce 25 na mene ba?

Na sani wasu za su ce har yau tela da yadi yake yanka, magini da ƙafa yake awon fili. Gaskiya ne, ni ma ban ce a fasa mudun kowa ba. Amma a darasin kimiyya dole abin da yaro ya auna a Jos ya yi daidai da na ɗan'uwansa a Ibadan.

Saboda haka ina roƙo, kafin a sāke tura mu makarantu, kowannenmu ya sassaƙa sandar mita tasa, ya nemi gorar lita ɗaya. A cika ta da ruwa a ɗora a sikeli, yara su ga ruwan ya yi kilo ɗaya. Ƙofar ajin nan kuwa, da muka auna ta washegari, mita biyu ce da 'yan santimita.