Malam, Me Wayarka Take Yi a Aljihu?

Malaman tarihi da na ilimin zaman ɗan ƙasa a birnin Katsina, da ku nake. Lokacin da aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare kun yi ta kuka, kuma da gaskiyarku. To an dawo da shi. Amma har yau da yawanku tsohon littafin rubutu ne a hannu, bango ya yage, tawada ta koɗe, kuna shifta yara suna kwafa. Wannan lalaci ne.

Kada ku ce mini babu wuta, babu kwamfuta. Wayar da kuke kwana da ita a TikTok ta isa.

Ga misali a ƙofar ajinku. Rumfunan zaɓe da yawa a harabar makarantu suke. A zaɓen 2023 hukumar INEC ta ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna a shafinta na IReV, da rubutun hannun malamin zaɓe da sa hannun wakilan jam'iyyu. Wa ya hana ka nemo ta rumfar unguwarku, Ƙofar Ƙaura ce ko Ƙofar Marusa, ka kwafe alƙaluman a allo? Yara su tara da kansu, su ga mutum nawa suka yi rajista, nawa suka fito, ƙuri'a nawa ta lalace. In an yi kankare a takardar, su tambaye ka dalili. Kai kuwa ka sa su haddace ma'anar dimokuraɗiyya da Turanci, suna rerawa ba su san me suke faɗa ba.

Jawabin da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi ranar rantsar da shi a matsayin shugaban ƙasa a 2007 yana intanet. Ɗan garin nan ne, kuma da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ɗalibinka ya taɓa jin wannan? Ya san a 1979 Katsina tana cikin jihar Kaduna, an zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, majalisar da NPN ta rinjaye ta tsige shi a 1981?

Abin da ya fi ciwo shi ne malamin da zai ɗauko saƙon WhatsApp marar tushe ya karanta wa aji a matsayin tarihi. Wanda bai bincika wa ya rubuta abu da yaushe aka rubuta shi ba, kada ya kai shi gaban yaran mutane.