Tsohuwar Mota da Baƙon Inji

Duk wanda ya bi hanya daga Kumbotso ya gangara Kura, ko ya ratsa ta Bunkure a watannin da tumatir ya nuna, ya san cewa wahalar manomin rani ba ta ƙarewa a bakin gona. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya ke bin magudanai yana shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shinkafa da alkama da albasa da tumatir suna fita ba ƙaƙƙautawa. Amma tsakanin gona da bakin kwalta akwai 'yan hanyoyin burji da na laka waɗanda ruwan ban-ruwa ke jiƙawa ko da tsakar rani. Kwandon tumatir kuwa ba ya jira. In ya kwana biyu bai isa Kwanar Gafan ba, kuɗinsa ya zube. A irin wannan hanya ce motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja ta ke nuna amfaninta.

Masu karatu da suka manyanta ba su bukatar a gaya musu ko mece ce Land Rover. An fara yin ta a Ingila a 1948, kuma a cikinta Razdan da Di'o da ma'aikatan En'e da na Ilmi suka yi rangadin ƙasar nan. An sake mata fasali a 1958, aka sake a 1971, aka daina yin wannan iri a 1985. Bayanta Land Cruiser da Hilux na Japan suka shigo suka karɓe kasuwa. Yau tsofaffin sun yi ƙaranci a ƙasar Kano, ko da ya ke a tsaunin Mambila sun daɗe suna hawa da sauka da kaya. Waɗanda suka rage, da wuya a sami guda wadda ke tafiya da kayan da ta fito da su. Inji na wata ne, giya ta wata ce, ƙafar baya an ciro ta daga wata ta uku a Ƙofar Ruwa.

Mu dai ba mu ga laifin wannan ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi, ta fi ƙarfin ƙungiyar manoma ma, balle malamin makaranta. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuwa, mai tsohon inji mai zuƙar mai yana da hujja in ya nemi wanda ya fi shi tsimi. Makanikanmu sun cancanci yabo, gama da guduma da sifana da basira su ke ta da motar da masu ƙera ta suka manta da ita. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, sau da yawa a kan yi musanyar nan da ido kawai. In ƙusoshi sun shiga ramukansu, mota ta tashi, sai a ce aiki ya yi. Alhali kuwa mota ba tarin ƙarafa ba ce. Masu ƙera ta sun auna ƙarfin inji da na giya da na ƙafafu da na birki, kowane daidai da ɗan'uwansa.

Bari mu fara da inji, tun da shi a ke fara zargi. Tsohuwar Land Rover tana da inji mai lita 2.25, na fetur ƙarfinsa kamar doki 70, na gas kamar 62. Injin gas da kamfanin ya fito da shi a 1989, wanda a ke kira 200Tdi, ya wuce doki 100. Ana iya ɗora shi a tsohuwar, ana kuwa yi a ƙasashe da yawa. Amma giyar da za ta karɓi wannan ƙarfi an yi ta ne don ƙaramin inji, haka kuma sandunan ƙarfen nan biyu da ke juya ƙafafun baya, waɗanda tun da can an san su da karyewa in direba ya fizgi kuloci a cikin laka. Wanda ya ƙara ƙarfin inji bai duba waɗannan ba, ya matsar da rauni ne daga gaba zuwa baya, rana ɗaya kuwa zai ji ƙas a tsakiyar gona da kwanduna arba'in a bayansa. Dogayen Land Rover na bayan 1971 an sa musu ƙafar baya mai ƙwari da a ke kira Salisbury, ita ya kamata a nema. Lagireto ma sai a duba, domin wanda ya ishi ƙaramin inji ba lalle ya ishi babba ba a zafin watan Afirilu.

Maganar birki ta fi wannan nauyi, don ita ta shafi rai. Tsofaffin motocin nan birkin ganga gare su, an yi shi don motar da ba ta gudu sosai. Sabon inji zai kai ta gudun da ba ta taɓa yi ba a kan titin Zariya, birki kuwa yana nan yadda ya ke. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. A motar da birkinta ke da tukunyar nan mai sauƙaƙa taku, injin fetur ne ke zuƙe iskar cikinta. Injin gas ba ya yin haka da kansa, sai an haɗa masa ɗan famfo. In aka cire na fetur aka sa na gas aka bar tukunyar ba haɗi, birki zai yi tauri kamar dutse, direba ya taka da ƙarfinsa duka motar tana tafiya. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

To, ga wani lissafi da muke so malaman makaranta su ɗauka su ba yara a aji, gama ya fi lissafin lemo da goro amfani. A cikin tulun ƙarfen da ke tsakiyar ƙafafun tsohuwar Land Rover akwai haƙora waɗanda ke sa farfela ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. A na Range Rover da Defender kuwa sau 3.54 ne. A ido kusan ɗaya su ke, ɗaya yana shiga gurbin ɗaya. Sai mai mota ya sayi na biyun ya sa a baya, ya bar na farko a gaba. Muddin ƙafafun baya kaɗai ke ja, ba abin da zai gani, har ma ya yi murna motar ta ƙara sauri. Ranar da ya danna ƙulun nan rawaya don ƙafafu huɗu su ja, farfelar gaba da ta baya za su juya daidai da juna. In sun juya sau 100, tayoyin gaba sun yi kamar 21, na baya kamar 28. Watau baya tana neman ta wuce gaba da kusan sulusi. A cikin laka tayoyi za su yi ta santsi, motar tana kokawa da kanta. A busasshiyar ƙasa kuwa babu inda ƙarfin zai tafi sai ya karya wani abu, ko farfela ko haƙoran giya.

Wannan dalili ne kuma ya sa ba a barin irin waɗannan motoci a ƙafa huɗu bisa kwalta, ko da kayansu duka na asali ne, domin ba su da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya a kan kwana. Haka nan ba a sa manyan tayoyi a baya da ƙanana a gaba. Mun san taya tana tsada, mutum ya kan sa wadda ya samu. Amma bambancin girma shi ma bambancin juyi ne.

Sifirin kuwa, kowa ya san al'adar ƙara masa ganye don mota ta ɗauki buhunan shinkafa fiye da ƙima. Motar ta daina durƙusawa, gaskiya ne. Sai dai nauyin bai tafi ko'ina ba, yana nan kan ƙafafu da tayoyi da birki. Ga shi motar ta ƙara tsawo, kaya sun hau sama, hanyar bakin magudana kuwa siririya ce mai gangare. Wanda zai ƙara ganye, ya sake ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da sababbi, ya duba shokazoba ko tsawonta ya kai. Kafin wannan duka ma ya shiga ƙarƙashin motar da guduma. Jikin Land Rover na gorar ruwa ne, ba ya tsatsa, shi ya sa ta ke ruɗin mai saye. Ƙashin da ke ɗauke da ita kuwa baƙin ƙarfe ne, lakar gona tana shiga cikinsa ta kwana tana ci. In guduma ta huda inda sifirin ya ke rataye, kuɗin sabon inji asara ne.

Akwai masu cewa mu ƙyale mutane, talaka ba shi da halin bin waɗannan ƙa'idodi, wanda ya sami inji ya sa. Mun ji, ba mu kuwa raina wannan magana ba. Amma a duba abin da muka lissafa. Ƙirga haƙora kafin a saya ba ya cin ko kwabo: a ɗaga ƙafa ɗaya, a yi alama da alli, a juya ta sau biyu cif, a ƙirga juyin farfela. Famfon birki bai kai ushirin kuɗin inji ba. Mai tsada shi ne aikin da a ke yi sau biyu, da tumatirin da ya ruɓe a hanya, da yaran da a ke ɗorawa bisa kaya ranar kasuwa. Talakan da a ke cewa a tausaya wa shi ne ke zaune a saman buhunan nan.

Saura abin da ya shafi akawuna. Takardun kowace mota suna ɗauke da lambar inji da lambar ƙashinta. In an sake inji ba a gyara takarda ba, mai mota ya sa kansa cikin rigima ranar da aka tare shi, ko ranar da zai sayar, ko in ta bayyana injin na sata ne. Ya kamata ya karɓi rasiɗi daga mai sayarwa da lambar injin a rubuce, ya kai ofishin lasin a gyara. Muna roƙon ma'aikatan da ke zaune a waɗannan ofisoshi su sauƙaƙa wannan, gama in gyaran takarda ya zama yawon kwana uku, ba wanda zai zo. Muna kuma so masu duba lafiyar motoci, in suka ga baƙon inji, kada su tsaya ga fitila da ham. Su sa a taka birki a gabansu.

Ga ƙungiyoyin manoma da makarantu da ma'aikatun ƙananan hukumomi da ke da irin waɗannan motoci, shawararmu ƙarama ce. A sayi littafi guda a ajiye a cikin motar. Duk abin da aka sake a rubuta: ranar da aka yi, daga wace irin mota aka ciro shi, lambarsa, juyin haƙoransa in na ƙafa ne, da sunan makanikin. Direbobi suna sauyawa, akawu ya kan tashi, makanikin Kura ba shi ne na Panshekara ba. Wanda aka kawo wa motar baɗi da ƙafar gaba a karye, in ya buɗe littafin ya ga 3.54 a baya, ya san abin da zai je nema a Ƙofar Ruwa.