Daga Teburin Malam: Guzurin Mai Zuwa Tsibirin Moris

A watan jiya wani tsohon ɗalibina ya zo mini sallama, wai ya sami gurbin karatu a tsibirin Moris, wanda Turawan Ingila ke kira Morishas. Mahaifinsa ya sayar da shanu biyu don wannan tafiya. Da na tambaye shi ina ƙasar take, sai ya yi shiru yana sosa ƙeya. Wannan ya sa na ga ya dace mu tattauna a kai, tunda matasanmu da 'yan kasuwa sun fara leƙa can.

Moris tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Ta sami 'yancin kai daga Ingila ran 12 ga Maris 1968. Mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, babban birninta Port Louis. Yawanci ana bi ta Nairobi ko Dubai ko Afirka ta Kudu. Agogonsu ya riga na Gana da awa 4, na Nijar da Kamaru da awa 3.

Abu na farko shi ne takardu. Dokar biza ta danganta da fasfon da kake riƙe da shi, saboda haka ka bincika kafin ka yanki tikiti. Ma'aikatan shige da fice za su nemi tikitin komawa, da shaidar masauki, da shaidar kana da kuɗin da zai riƙe ka. Kada ka manta da katin allurar shawara, don ƙasashenmu na cikin waɗanda ake nema wa. Sun kuma kawar da zazzaɓin cizon sauro, don haka kada ranka ya ɓaci in ma'aikatan lafiya sun nemi ɗibar jininka. Gidansu suke tsarewa.

Mai shiga da sunan yawon buɗe ido ba shi da izinin aiki. Duk dillalin da ya ce maka ka je kawai, aiki na jiranka, to kuɗinka yake so. Ɗalibi kuma ya tabbatar hukuma ta san da makarantar kafin ya biya ko sisi.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne saƙo. Mu dai al'adarmu ce, kowa ya ji za ka yi tafiya sai ya kawo ƙunshi. Dokarsu a kan miyagun ƙwayoyi mai tsanani ce ƙwarai, ɗauri ne na shekaru masu yawa, kuma alƙali ba zai saurari "ban san abin da ke ciki ba". Abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ka ba mai shi haƙuri, ko da ɗan'uwa ne. Maganin asibiti a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kilishi da goro da iri kuwa, kayan nama da tsiro ne masu buƙatar izini. Gara ka bayyana su da kanka da a gano su.

Sai yanayi. Tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, don haka lokutansu sun saɓa da namu. Zafi da ruwa da guguwar teku daga Nuwamba zuwa Afrilu suke. Gargaɗin guguwa hawa huɗu ne: a na biyu ake rufe makarantu, a na uku kowa ya zauna gida. Daga Yuni zuwa Satumba akwai sanyi-sanyi, musamman a tudu wajen Curepipe, sai a tafi da rigar sanyi. Mu 'yan tudu ba mu saba da teku ba. Ka yi wanka inda ka ga 'yan gari suna yi. A Gris Gris da ke kudu babu duwatsun da ke karya igiyar ruwa, kallo kawai ake yi.

Mota ta hannun hagu take bi, saboda haka dubi dama kafin ka tsallaka titi. Kuɗinsu rufi ne. Kiriyol ake yi a kasuwa, amma mai Faransanci ko Ingilishi ba zai ɓata ba.

Batun ibada babu wahala. Kusan mutum ɗaya cikin shida Musulmi ne, Masallacin Juma'a na Port Louis kuma tun shekarun 1850 yake. Abincin halal a wadace yake, sai dai a gidan abincin Sinawa ka tambaya. Amma a kula: mu nan "gabas" muke ce wa alƙibla, can kuwa Makka tana arewa, da ɗan karkata yamma. Masu addinin Hindu su suka fi yawa. In ka ziyarci wurin bautarsu, cire takalmi, ka kama bakinka. Baƙo da ladabi ake saninsa.

Na karanta wa ɗalibin nan wannan duka, na kuma sa ya kwance jakarsa a gabana. Ƙunshi uku muka mayar wa masu su. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi da abin da ya je nema. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya yarda.